Farar Karyar da Na Kai wa Baba

Tun ina saurayi sana'ata guda ce, raguna. In layya ta gabato sai in bi kasuwar Isa da ta Sabon Birni da na cikin Nijar in tara, mu loda a tirela mu nufi Kurmi. Duk wanda ya yi wagga sana'a ya san fari shi ne gaba. Balami fari tas, marar ɗigo ko ɗaya, shi mai saye ke fara ɗora wa hannu. Ko sadaka malam ya ce ka yi, farin zakara za ya ce, ko farin goro. Da wannan tunani na girma, kuma da shi na je Badun na jajibo wa kaina wahala.

Amma bari in fara da Baba, tunda dominsa anka yi komai.

Baba na zaune ƙauyenmu, can ƙasar Kurawa, shina noman gero da dawa a gonar da ubansa ya bar masa. Innarmu ta daɗe da rasuwa. Kunnensa ya mutu a hankali, har ta kai in kana son ya gane ka sai ka tsaya gabansa, ka buɗe baki sosai, shi kuma ya zuba wa leɓɓanka ido. In ka yi magana ta bayansa, ka yi wa iska. Da can wannan ba wata damuwa ba ce, tsufa ne, kowa na jiran nasa. Sai 'yan bindiga sunka shigo mana ƙasa, noma ya koma aikin kunne. Kana duƙe kana huɗa, kunnenka na daji. Da ka jiyo ƙugin babura daga nesa, ka yar da hauya ka faɗa cikin dawa. Wanda ya ji da wuri ya kwana gida, wanda bai ji ba sai a kira danginsa a waya a nemi kuɗin fansa. To ga tsoho kurma shi kaɗai a gona.

Ƙannena duk sun watse, wasu Maraɗi, wasu Sakkwato. Ni ne kusa, ina Sabon Birni da iyalina. Na share masa ɗaki, na sa tabarma da buta, na je na tsaya gabansa na yi ta ihu har maƙogwarona ya bushe.

"Baba, ka taho gari!"

"Mi kac ce?"

"Gari! Ka dawo gidana!"

"Ba ni zuwa. In yi mi a gari? In zauna ƙofar gida ina ƙirga akuyoyin mutane?"

Haka muke yi duk zuwa. In na matsa masa, sai ya kau da kai kawai. Wallahi babu abin da ke ƙona rai irin gardama da kurma mai taurin kai, don shi in ya gaji da kai juya fuska kawai za ya yi, magana ta ƙare.

A Badun akwai wata mata Bayarba da ke zuwa kara, wato kasuwar dabbobi, tana sayen kawuna da ƙafafu. A Arewa ta tashi, Hausa ras a bakinta. Na ɗauka mai abinci ce, ashe karnuka take dafa wa. Wata rana na kai mata kaya har gida, na ga abin mamaki. Karnuka ne irin na Turawa da ake ce wa boksa, masu faɗin ƙirji da guntun baki, fuska a tattare kamar an yi musu mutuwa. Kowane da ɗakinsa, kowane da kwanonsa. A bango ta jera takardu cikin gilashi, ta ce na asalinsu ne: wanga uban wanga ne, waccan kakar wagga ce, har kakannin kakanni. Suna da ƙungiya mai rajista, ba a haɗa kare da karya sai an duba littafi. Na ce ikon Allah! Ubana da ya haife ni ba shi da takardar haihuwa, shekarunsa daga shekarar da gulbi ya cinye fadama ake lissafa su, ga kare na da takardar kakarsa.

Wata karya tata ba ta daɗe da haihuwa ba. 'Yan kwiyakwiyan duk jajaye ne da masu zane-zane, sai ɗaya fara sol a gefe. Idona na mai raguna nan da nan ya tafi kanta. Na ce, "Wagga ita ce sarauniyarsu." Matar ta yi dariya ta ce ai ita ce damuwarta. Ta zaunar da ni ta yi mini bayani. In uwa da uba duk suna da fari a ƙirji da wuya, sai a samu wani ya fito fari gaba ɗaya. Ba zabiya ba ce, ga idonta nan baƙi. Amma a dokar ƙungiyarsu fari ba ya shiga gasa, kuma ba a yarda a haɗa shi ya haihu. Ko ya haihu, ɗiyan ba su shiga littafi. Ta ce da can wasu masu kiwo ranar haihuwa suke nutsar da su a bokiti, ita kuwa zuciyarta ba ta iyawa. Dalilin dokar, in ji ta, farare kan zo da kurumta, kuma rana na ƙona musu fata.

Na ji ta sarai. Ba wai ban ji ba. Amma a raina cewa nake yi, ka ji mutanen Kurmi da shirme, an ba su fari suna neman ja. Na duƙa na tafa hannu kusa da kwikwiyar, ta ɗago kai ta dube ni. Na ce to ga shi nan, ina kurumtar? Matar ta ce ta yi ƙanƙanta a tabbatar, wataƙila hannuna ta gani. Ni kuwa tuni zuciyata ta tafi gonar Baba. Kare mai wannan ƙirji, irin na Turawa, in ya ji babur tun daga bayan tudu ya zabura, ai ko kurma ya ga kare ya zabura. Na ce za ni kai wa tsohona ta zama kunnensa. Ta ba ni ita kyauta, da sharaɗi biyu: kar ta yini a rana, kuma kar in bari ta haihu. Na ce na ɗauki alkawari.

A kwalin taliya na taho da ita, a gaban tirela, direba na ta tsaki tun daga Badun har Gusau, shina cewa an sa masa najasa a mota. Matata da ta leƙa kwalin salati ta saka, ta ce ba dai a gidan nan ba. Washegari na ɗaure kwalin a babur na nufi ƙauye.

Baba ya daɗe shina kallonta. Shi mutum ne mai tsantseni, bai taɓa ajiye kare ba. Ya ce, "Wannan fuska hwa? Bango ta yi karo da shi?" Na tsaya gabansa na yi ta bayani da baki da hannu. Sannan ya ce karen gona halal ne, littafin addini ya yarda da na gona da na garke da na farauta. Amma ba ta shiga ɗaki, ba ta kusantar buta, wurinta gindin rumbu. Na dawo gida ranar da sanyin zuciya, wanda na daɗe ban ji irinsa ba.

Ƙauye kuwa ya samu abin kallo. Baƙin kare kowa na ƙyamarsa, amma farar karya irin ta Turawa ba wanda ya taɓa gani. Kowa ya zo sai ya ce lalle ɗanka ya zaɓo maka ta gaba, wagga da gani ka san mai tsada ce. Da na ce ai masu ita ƙin ta sunka yi don farinta, ba wanda ya yarda, sunka ce ɓoye kuɗin nake yi. Akwai wani mafarauci maƙwabcin Baba, mai karnuka dogaye sirara irin namu, shi tun ranar ya ƙyalla ido. Ya zagaya ta, ya taɓa ƙirjinta, ya ce in ta girma a ba shi ya haɗa ta da babban karensa, a samu gudu a samu ƙarfi. Na ce masa akwai alkawari. Ya ce, "Alkawari da wa? Da karya?"

Maganar rana ita ta fara fitowa. Da bazara ta kama, hancinta da gefen kunnuwanta da cikinta sunka yi jawur, sunka fara saɓulewa. Ga guntun baki, numfashi na yi mata wuya, tana haki tana dalalar da yawu kamar an buɗe famfo. Na je wata ranar kasuwa na tarar da abin da ya sa na rasa dariya za ni yi ko kuka. Baba, mutumin da ya ce kar ta kusanci butarsa, ya yanke hannuwan tsohuwar taguwarsa ya sa mata, ya shafe mata hanci da man kaɗe, ya kafa mata 'yar rumfar zana a bakin gona. Yara na bin su suna ihu, ga Malam ga ɗalibarsa. Shi ba ya ji, ita ma ko a jikinta. In ya gama shafa mata man sai ya je ya wanke hannu da ƙasa da ruwa, ya sake alwala, kullum, bai taɓa gajiya ba.

Da damina ta sauka na je taya shi noman farko. Hantsi ya ɗaga, muna duƙe, sai na jiyo harbi daga yamma, can wajen wani ƙauye, sannan ƙugin babura. Karnukan mafarauci sunka ɗauki haushi gaba ɗaya, jakuna na kuka, mata na kiran yara daga gonaki. Na waiwaya in ga kunnen da na kawo wa ubana tun daga Badun. Tana kwance a rumfarta cikin taguwa, ta miƙe ƙafafu, tana minshari. Baba kuwa na gaba da ni shina ta sara abinsa, har da 'yar waƙarsa.

Na fizgo shi munka faɗa cikin wani kwazazzabo, munka lafe. Ita sai da ta farka ba ta gan shi ba sannan ta bi sawu da hanci ta same mu, tana kaɗa gindi. Allah ya taƙaita, ba ta wajenmu sunka biyo ba. Da ƙura ta lafa na ɗauki kwanon furarmu na zagaya bayanta, na buga shi da hauya har ya lotse. Ko kunne ba ta motsa ba. Na zauna a ƙasa na dafe kai. An sai da kare an sai biri, tsugune ba ta ƙare ba.

Raina ya ɓaci ƙwarai, amma can ƙasan zuciyata na ji wani abu kamar sauƙi, don na ce yanzu kam ba shi da sauran hujja. Na tsaya gabansa.

"Baba, kurma ce! Ba ta ji!"

"Na sani."

"Ka sani? Tun yaushe?"

"Tun tana ƙarama. Aradu ta faɗi, kaji sunka watse, ita tana kwana."

"Shi ne ba ka gaya mini ba?"

"Da na gaya maka, da ka ɗauke ta, ka dawo mini da zancen gari."

Wai ni za a yi wa wayo! Na yi ta faɗa, na ce kurma na gadin kurma, wane irin ganganci ne wannan, so kake a kira ni a waya a ce in kawo abin da ban da shi? Ya bar ni na gama. Sannan ya ce ita ƙasa take ji da ƙafafunta, in babur na tafe tana sani. Na ce yau da sunka zo ina ƙafafun nata suke? Abin da ya ce shi ne, "Ku duka in kun yi mini magana sau biyu kun gaji, ina gani a fuskarku. Wagga ba ta taɓa gajiya da ni ba." Daga nan ya kau da kai.

Maganar ta soke ni, don gaskiya ce. Amma gaskiya ba ta tare harsashi. Na hau babur na dawo gida ina zage-zage ni kaɗai a hanya.

Abin da ya biyo baya gajiya ce kawai, ba ni da wani sunan da za ni ba shi. Kullum waya na hannuna, ina kiran mafarauci in tambayi lafiyar tsoho. Wani lokaci sabis ya ɗauke kwana da kwanaki, in rasa inda za ni sa kaina. Na daina zuwa Kurmi, na ba wani yaron kasuwa ragunana, don ba ni iya yin nisa. In na ji an ce an shiga wani ƙauye ta wajen Kurawa, abinci ba ya wuce mini. Matata ta ce na rame kamar ni ne ke noman. Duk zuwan da na yi sai in same su tare, shi a gaba da hauya a kafaɗa, ita a gefensa tana ɗaga kai tana duban fuskarsa duk taku kaɗan. In ya zauna ta jingina bayanta da ƙafarsa ta yi barci, don in ya motsa ta sani. Nakan tsaya daga nesa in kalle su, ga haushi ga tausayi.

Ba ni na ci gardamar ba a ƙarshe. Bayan kaka 'yan bindiga sunka ƙone rumbunan ƙauyen da ke kusa da namu, sunka aiko cewa baɗi ba mai sa hauya a ƙasa. Gida-gida mutane sunka fara ɗaure kaya. Liman ya tafi, masallaci ya koma mutum uku, sannan biyu. Matan da ke miƙo wa Baba tuwo su ma sunka bi mazansu. Sai ga mafarauci ya kira ni ya ce tsoho ya ce in zo in ɗauke shi.

Na tafi da sassafe, da amalanken da na yi haya don hatsinsa. A hanya na gama shawara da kaina: za ni kafa wa karyar rumfa a bayan gidana, matata ta yi faɗanta ta gama. In dai Baba za ya kwana inda nake jin tarinsa, ko kura ya ce in ajiye sai in ajiye. Na same shi ya naɗe tabarma, ya ɗaure Alƙur'aninsa a gafaka. Na tsaya gabansa na ce ita ma akwai wurinta.

Ya ce, "Gidanka akwai gona?"

Na ce babu.

"Akwai garke? Farauta kake yi?"

"Baba, ragunana kan kwana biyu a gidan kafin a loda."

"Kar ka yi wa Allah dabara. Don gona na riƙe ta, gona ta ƙare. Ba ni shiga gidan mutane da tsufana in kore musu mala'iku."

Na roƙe shi. Ni da na yi ta zaginta, ni ne na koma ina roƙo a tafi da ita, don na san abin da za ya zama in ba ta. Na ce malamai sun yi sassauci a kan gadi, na ce gari ma yanzu daji ne. Ya ce shi abin da ya karanta ke nan, ba ya canza karatu a bakin kabari. Ashe tun jiya ya gama maganar bar wa mafarauci ita, wanda ya ce shi ba inda za shi, da shi da karnukansa da bindigarsa ta toka.

Na ja mafarauci gefe na ce masa don Allah kar ya haɗa ta, ɗiyan na iya fitowa kurame, kuma na yi wa mai ita alkawari. Ya dube ni kamar na zare. Ya ce, "Alhaji, mutane na barin kabarin iyayensu, kai kana zancen alkawarin karya? In ba don ɗiyan ba, mi za ni yi da kurma mai cin tuwon mutum biyu?" Na gaji, wallahi na gaji, ko ƙarfin yin fushi ban da shi. Na ce to ya riƙa sa mata taguwar in rana ta yi. Ya ce to, irin to ɗin da ake ce wa yaro.

Baba da kansa ya ɗaura mata igiya ya kai ta gindin aduwar ƙofar mafarauci ya ɗaure. Ya miƙa masa ragowar man kaɗe a gwangwani. Bai shafa kanta ba. Ya je ya wanke hannunsa, ya zo ya hau bayana a babur, ya riƙe rigata.

Muna tayarwa ta fara haushi. Ban taɓa jin muryarta sosai ba sai ranar. Karen da bai taɓa jin kansa ba haushinsa daban ne, ba shi da daidai, wani irin kuka ne mai tsawo da ke fashewa a tsakiya. Tana fizgar igiya tana yi. Munka wuce masallaci ina ji, munka wuce rijiya ina ji, munka fita gari munka shiga gonakin da anka girbe, babu kowa babu komai da za ya tare sauti, ina ji har ta saman ƙarar babur. Baba bai waiwaya ba ko sau ɗaya.

Sai da munka kusa gangarawa mashigin rafi na ji ya matso da bakinsa kusa da kunnena. Ya ɗaga murya yadda kurame ke yi.

"Ta yi shiru?"

Ba ta yi ba. Ina jin ta a lokacin. Shina bayana, ba ya ganin bakina, hanya kuma yashi ce, ba ni iya juyowa. Keyata kawai yake kallo shina jira.

Na gyaɗa masa kai.

Ya ce, "Alhamdu lillahi. Dama mai haƙuri ce." Ya gyara riƙon rigata, munka gangara cikin yashi.